Tumbin Surukina

Ku da kuka buɗe shagon buga hotuna a tsallaken titi, ina ganinku. Duk sanda na zauna ina dama fentir a gwangwanin madara sai ku yi ta kallon juna kuna danne dariya. Jiya ma ɗayanku ya tsallako ya ce mini, Baba Shaibu, wannan allon da ka kwana biyar a kansa ai mu aikin minti goma ne, mu nemo hoton a waya, mu buga a leda, a rataya. Gaskiya ya faɗa, kuma na ga bugunku, ya fi nawa ƙyalli nesa ba kusa ba. To amma tunda kun ce sana'ar ba ta da wuya, ku jawo benci ku zauna. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina zanen cikin ɗan Adam a garin nan na Filinge, tumbi da hanji da hanta, ina yi wa gidajen likita da masu faɗakarwa, kuma har yau in na ɗora sabon allo a bango sai gabana ya faɗi.

Wurin wani Bazabarme na koya, Alzuma mai fentir, wanda ya zo daga Baleyara ya kafa rumfa bayan tasha. Shekarar farko ban taɓa allo da burushi ba. Aikina wankin burushi da kananzir, da goge kwanon da ake yin allo da shi da takarda mai kaushi har tsatsa ta fita, da tace fentir da tsohuwar safa don kada gudaji ya fito wa mutum a hanci. Ƙananan burushi ba ma saye, gashin wutsiyar akuya muke ɗaurewa a kan tsinke. Shi ya koya mini jan layi: a shafa wa zare shuni, a ɗaure shi gefe da gefe, a ɗaga tsakiya a saki, sai layi ya fito a miƙe. Kawunan masu aski muke zanawa, da rigunan teloli, da kaza a faranti don masu sayar da abinci. Dokarsa ɗaya ce, in ka gama ka ajiye burushi ka yi taku ashirin da baya, ka kalli aikin daga inda mai wucewa zai kalle shi. In ka tsaya gardama sai ya aike ka sayen goro, ya ce in ka dawo ka dubi allon kamar na wani ne.

Aikin likita na farko, bayan na kafa tawa rumfar, Majo Hasan ne ya kawo mini shi. Majo shi ne babban mai jinya na wani ƙaramin gidan likita a gefen gari, mutum mai raha, amma ranar ransa a ɓace yake. Ya ce masu gyambon ciki sun yi masa yawa, kuma ba sa zuwa sai sun galabaita. Mutum zai ji ƙuna a ƙahon zuciya, sai ya jiƙa kanwa ya sha, ya ji sanyi na ɗan lokaci. In jiki ya yi masa tsami sai ya sayi ƙwayoyin nan na masu yawo da magani a faranti, ya haɗiya ciki ba komai, su kuwa ƙwayoyin suna ƙara cin tumbin. Majo yana son allo babba a ƙofar gidan likita, wanda ko marar karatu zai gani ya san abin da ke faruwa a cikinsa. Ya ba ni littafinsa na lakkwal, wato makaranta, in kwaikwaya. Hoton tumbin da ke ciki bai fi kwalin ashana ba, baƙi da fari, kuma wani ya taɓa ɗora kofin shayi a kansa.

Na juya littafin sama, na juya ƙasa, ban gane gabansa da bayansa ba. Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zo wa mai shekara ashirin da biyar: tumbi ai tumbi ne. Na ɗauki takarduna na nufi mahauta. A can na sami wani babban mahauci, dogo, mai ɗan gemu, wanda ba zan faɗi sunansa ba, za ku ji dalili, ku dai ce masa Baba. Na gaya masa buƙatata. Nan take ya ɗauko tumbin ragon da ya feɗe da safen nan, ya wanke shi tas, ya juya cikinsa waje, ya rataya mini a ƙugiya. Safiya uku ina zuwa ina zaune a kan turmi, ƙudaje na bi ta kunnena. Ban bar komai ba, har gashin nan mai kama da tawul da ɓangaren nan mai ramuka kamar saƙar zuma. Na koma rumfa na zuba shi a allo, na ɗora masa jan gyambo a tsakiya. Na yi takuna ashirin da baya, na ce ko Alzuma sai dai ya yi shiru.

Majo ya yi tafiya a makon, mai gadi ne ya taya ni kafa allon. Washegarin kasuwa majo ya dawo ya tarar da wasu makiyaya daga wajen Sanam zaune a inuwar gidan likita, da raguna biyu ɗaure a jikin taga. Ya tambaye su lafiya, suka ce sun ga allo ne, sun gane yanzu ana duba dabbobi a nan, ga waɗannan sun kwana uku ba sa tuƙa. Majo ya fita ya ɗaga kai, ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dakali. Da aka kira ni ya yi mini bayanin abin da kowane makiyayi ya sani ni ban sani ba, cewa dabba mai tuƙa cikinta ɗaki huɗu ne, na mutum kuwa jaka ɗaya ce tal. Labari ya kai mahauta kafin azahar. Baba ya zo da kansa, hannu a baya, ya daɗe yana kallo.

"Aiki ya yi kyau, yaro," ya ce. "Wanga ragon Litinin na, na gane shi."

Daga ranar muka ƙulla. In na gitta ta mahauta sai ya ɗaga murya ya ce ga likitan tumaki nan, a ba shi tsire. Na gane cewa duk ƙasarmu ta Kurfai babu mai idon Baba a kan kayan ciki. Shi ya nuna mini launin hanta mai lafiya da launin wadda ta kamu, da yadda hanji ke naɗuwa, da inda matsarmama take laɓewa. Kuma yana da wani hali, ba ya iya ganin kuskure a kayan ciki ya yi shiru, ko a tukunyar wani ne. Autarsa Ramatu ita ke kawo masa fura da hantsi. Ban san lokacin da na fara samun tambayoyi a kan hanta daidai da hantsi ba, tambayoyin da babu allon da ke buƙatarsu. Kafin shekara biyu aka ɗaura mana aure.

To, ranar da aka shafa fatiha ranar hirarmu da Baba ta mutu. Ku yaran yanzu kuna zama da surukanku kuna kallon ƙwallo. Mu a wurinmu, in na hango shi a hanya sai in cire takalmi in durƙusa gefe, in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kiran sunansa, shi ma ba ya kiran nawa. Ba gaba ba ce, girmamawa ce, kuma shi ma yana jin nauyina kamar yadda nake jin nasa. In yana da magana sai ya faɗa wa Ramatu, tunda ita auta ce, bakinta a sake yake da shi. Tsire bai daina zuwa ba, sai dai yanzu a ƙunshe yake isowa gida, ba tare da tsokana ba. Na yi kewar tsokanar nan ƙwarai.

Allo na biyu na gyambon ciki, bayan wasu shekaru, shi ne aikin da na fi zuba ƙwarewa a kai duk rayuwata, kuma shi ne mafi muni. Lokacin na riga na yi na gudawa da na tsutsar ciki da na wankin hannu, hannuna ya faɗa. Majo ya aro mini wani ƙaton littafi mai launi daga wani likita. Na ce wannan karon babu mai kawo rago. Na zana mutum cikakke, tsayin ƙofa, da hularsa da gemunsa, fuskarsa a natse. Sannan na buɗe masa ciki kamar yadda yake a littafin, fata a naɗe gefe da gefe, ga haƙarƙari, ga hanta, ga tumbi da gyambonsa yana sheƙi. Na sa farin fentir ɗan kaɗan a kan hanjin har ka ce jiƙe yake. Majo ya yaba, likitan ya yaba, wani malamin lakkwal ya kawo ɗalibansa su gani.

Mutanen da aka yi allon dominsu kuwa abin da suka gani daban ne. Sun ga mutum mai hula irin tasu, an feɗe shi a tsaye. Magana ta bi ƙauyuka cewa duk wanda ya je da ciwon ciki haka ake yi masa, ga shi ma sun zana don kada wani ya ce ba a gaya masa ba. Mata suka riƙa rufe wa ƴaƴansu ido in za su wuce. Majo ya lura masu ciwon ciki sun ɗauke ƙafa, wanda ya zo ma sai ya dafe ciki yana cewa kansa ke ciwo. Da ya gano dalili ya sa aka sauke allon, aka jingina shi a bayan ɗaki fuskarsa na kallon bango. Shekarar nan ita ce mugunyar shekarata. Aikin likita ya tsaya mini cak, damina kuma ba ta yi kyau ba, gero bai yi ba, babu ɗan kasuwar da ke tunanin sabon allo. Lambobin amalanken jaki na koma rubutawa, da shafa wa ƙofofin mutane fentir. A kasuwa in an gan ni sai a ce ga mai fiɗa nan, a ɓoye ciki.

Amma a shekarar ce na koyi sana'ar da gaske, kuma wannan ne abin da babu shi a cikin injinku. Na gane takun Alzuma ashirin bai isa ba, domin ko na yi taku ɗari idona ne dai ke kallo. Sai na fara zana abu a kwali in tafi da shi kasuwar Bonkuku, inda ba a san ni sosai ba, in zauna kusa da masu sayar da hatsi. Duk wanda ya tsaya sai in ce masa me ka gani, in kama bakina. Kama bakin nan shi ne wahalar. Na zana kibiya tana nuna wurin ciwon, irin ta littafi, wani tsoho ya ce Allah sarki, an harbe shi. Na cire kibiya har abada. Na ja jan gicciye a kan ƙwayoyin masu talla don a san an hana, wata mata ta ce wannan alamar gidan magani ce, ke nan masu kyau ne. Na daina, na koma zana hannu yana ture su. Ranar da na zana ɗan harshen wuta a ƙirjin mutum kuwa, wata mai sayar da kuka ta ajiye mudunta ta dafa nata ƙirjin ta ce haka take ji, musamman in yunwa ta kama ta. Na ce mata ta je wurin majo, na naɗe kwalina ina murna kamar an ba ni doki.

Ina cikin wannan Ramatu ta dawo daga gidansu wata rana da yamma, ba ta ko cire mayafi ba ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce Baba ba shi da lafiya, kuma ya daɗe yana ɓoyewa. Kanwa ba ta rabuwa da aljihunsa. Ya bar yaji, mahauci guda ya koma shan kunu. Saboda ciwon baya na ɗaukar cinyoyin shanu, kullum sai ya haɗiyi ƙwayoyin masu talla biyu kafin ya karya. Yanzu kuma innarta ta gaya mata a ɓoye cewa bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ni da na zana wannan alamar da hannuna na san ma'anarta, jini ne ke zuba a ciki. Na ruga wurin majo. Ya je gidan da kansa, ya duba shi, ya ba shi magani, ya hana shi ƙwayoyin nan. Amma ya ce da shekarun Baba da ramar da ya yi, dole a kai shi Yamai, babban birni, a leƙa cikin da na'ura, don a tabbatar gyambo ne kawai ba wani abu da ya fi shi ba, kuma kada a wuce ƴan kwanaki.

Baba ya karɓi maganin, ya ƙi tafiyar. Ƴaƴansa maza suka yi magana, limamin unguwa ya yi, bai motsa ba. Ramatu ta matsa masa har ya gaya mata dalili, ita kuma ta kawo mini shi yadda ya faɗa.

"Na ga allon mijinki da idona. Shekara arba'in ina hiɗa, na san aikin. Ba a heɗe ni ina da rai."

Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron. Zanena ne zai kashe uban matata. Kuma ga ni da duk bayanin a bakina, na san babu wuƙa a aikin, amma ba ni da bakin da zan zauna gaban surukina in yi masa zancen tumbinsa da bayan gidansa. Da na gwada, tashi zai yi ya bar mini wurin, maganar ta ƙara lalacewa.

Abu biyu kawai nake da su, burushi da halin nan nasa na kasa ƙyale kuskure a kayan ciki. Washegari da safe na ɗauki sabon allo a ka na kai shi kasuwa, na jingina a bangon da ke kallon rumfar Baba, na ce wa mutane hasken wurin ya fi na rumfata. Har lokacin yana fitowa, ya zauna a kujera, ƴaƴansa na yanka. Na juya masa baya na fara aiki. A gefe ɗaya na zana mutum da rigarsa a jikinsa, ya dafe ƙirji, ga ɗan harshen wuta. A tsakiya na zana tumbin mutum shi kaɗai, ƙato, jaka ɗaya mai lanƙwasa da jan gyambo, cikinsa sumul. Ina jin idonsa a ƙeyata. Bai kai la'asar ba saƙon Baba ya riga ni gida ta bakin Ramatu: a gaya wa mai zane babu tumbin da Allah ya yi sumul haka, ko na ɗan tayi ne. Na ce wa Ramatu ta koma ta ce mai zane ya gode, shi ma bai taɓa ganin na mutum ba, littafi yake bi. Waɗanda suka gani da idonsu su ne waɗanda suka je Yamai, domin a can mai cikin yana farke ake nuna shi a talabijin, har a ba shi hoto ya taho da shi.

Rana ta biyu na zana ɗaya gefen. Majo ya kwatanta mini komai dalla-dalla. Mutum kwance a gefensa na hagu, da rigarsa da wandonsa, har hula na bar masa. Wata siririyar igiya ta shiga ta bakinsa, likita na riƙe da ɗaya bakin, ga talabijin a gabansu. Kafin in sa launi na kira masu wucewa ɗaya bayan ɗaya ina tambayarsu me suka gani, da ƙarfi yadda za a ji a mahauta. Wani ya ce mutum ne ake ba shi ruwa da tiyo. Wata ta ce kallon talabijin yake yi a kwance, ɗan gata. Babu wanda ya ambaci yanka. Da yamma saƙo ya zo, gajere: ina wuƙar take? Na ce a ce masa babu ita, in da akwai da na zana, ai ya san ban iya rage komai ba.

Rana ta uku bai aiko da komai ba. Rana ta huɗu ya miƙe zai karɓi sallamar wani, jiri ya ɗebe shi, sai da ɗansa ya tare shi ya zaunar. Na gani ta wutsiyar ido, amma ban isa in je in kama shi ba. Aka ba shi ruwa. Can da ya dawo daidai sai na ji ya gyara murya. Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba, akwai wani mai sayar da gishiri zaune a tsakiyarmu, shi Baba ya fuskanta.

"Mai gishiri, hwaɗa ma mai zane, ni za ni Yamai in gano. In na iske cikin mutum ba haka shike ba, shi goge allon ga da hannunshi, ran kasuwa, gaban jama'a."

Mai gishiri ya juyo ya buɗe baki zai maimaita, na riga shi.

"Mai gishiri, hwaɗa ma Baba na yarda."

Mutumin ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce shi dai gishiri ya zo sayarwa.

Kwana biyu bayan haka suka hau mota da takardar majo, shi da Ramatu da babban ɗansa. Ni na zauna a rumfa na wanke burushin da na riga na wanke, na jera gwangwanaye, na sake jera su. Sai bayan azahar ta washegari Ramatu ta kira wayar maƙwabcina. Gyambo ne, babba, amma gyambo ne kawai, kuma jinin ya tsaya. An ba shi magungunan da zai sha na wasu makonni, an ce ya rabu da ƙwayoyin talla har abada. Na zauna a kan gwangwanin fentir ban duba ko a rufe yake ba, kuma ba a rufe yake ba. Ramatu ta ce abu ɗaya ne ya ba ta kunya. Ana zare masa igiyar, yana tari, hawaye na zuba, maganar farko da ya yi ita ce a mayar da hoton baya, akwai wani lungu da bai gani da kyau ba.

Bai taɓo maganar allon ba sai da ya gama maganinsa, kumatunsa suka fara dawowa. Sannan ran kasuwa, ana tsakar ciniki, ya taso daga rumfarsa da ambulan a hannu, ya tsaya gaban allona. Mutane suka taru, domin mai gishiri ya riga ya baza labarin sharaɗin har Bonkuku. Na cire takalmi na durƙusa. Baba ya zaro hoton, ya dubi allo, ya dubi hoto, ya yanke hukunci yana fuskantar jama'a. Ya ce siffar jakar daidai ce, ɗaki ɗaya ne, wannan ya ba mai zane. Amma cikinta ba sumul ba ne, yana da ninki-ninki kamar zanen da aka matse ba a shanya ba, kuma launin ba ja ba ne irin na tsoka, ya fi kama da cikin leɓe. Gyambon ma ba ja ba ne, fari-fari ne a tsakiya. Ya ɗaga hoton kowa ya gani. Gaskiyarsa ce, ni ne na shafe ninkin don jakar ta fito fili daga nesa.

Na tashi na jiƙa tsumma da kananzir na fara goge tumbin da na kwana biyu a kansa, ana ta yi mini dariya. Ban taɓa ɓata aikina da farin ciki irin na ranar ba. Ina cikin gugar sai wani manomi daga bayan taro, wanda na lura tun ɗazu hannunsa na kan cikinsa, ya ce shi duk wannan bai dame shi ba, a nuna masa inda aka tsaga aka ɗinke. Baba ya ce ba a tsaga ba. Manomin ya ce haka kowa ke cewa.

Sai na ji motsin babbar riga a bayana, na gane abin da dattijon nan zai yi a tsakiyar kasuwa. Na yi maza na kafa fuskata a jikin allo, hancina na taɓa kananzir. Sai dariya ta ɓarke, wani yana cewa ko ƙwarzane babu, wani yana cewa a juya a ga bayan. Na ji muryar manomin a kusa yana tambaya ko majo na nan yau. Duk Filinge ta ga cikin surukina ranar, ban da ni.

Ina nan tsaye fuska a bango, idona na yaji, sai na ga hannunsa ya zagayo ta gefen kafaɗata da hoton.

"Shaibu," ya ce. Rabon da in ji sunana a bakinsa tun kafin a ɗaura aure. "Ungo. Ka zana shi yadda shike, kada ka rage mishi komi. Na babanka na."

Na karɓa da hannu biyu ban juyo ba, don ban san ko ya saki rigar ba.